Ranar da na ambaci sunan mijina a gaban alƙali

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa. Sai in yi ta neman carbi alhali yana rataye a wuyana, in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina abin da ya kawo ni. Amma akwai wata rana a zauren alƙalin Azare wadda ba na jin za ta bar raina sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Ni 'yar Azare ce, a nan aka binne cibiyata. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, ƙaninsa da muke kira Baffa shi ya riƙe mu. Innarmu kuwa Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Chinade, kuma da kunya ta tarbiyyantar da mu, ba da bulala ba. A wurinta mace ba ta cin abinci a gaban suruki, ba ta cewa tana jin yunwa, sannan ko wuƙa aka sa mata a wuya ba ta kiran sunan mijinta. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan babanmu a bakinta ba, da ransa da bayan ransa.

Mijina na fari maɗinki ne, mutumin garin Katagum. Yakan kawo huluna kasuwar Azare, a nan ya gan ni, ni ma na gan shi, kuma ba wanda ya matsa mini. Mutum ne mai sanyin hali, in yana ɗinki ko motsinsa ba a ji. Malam nake ce masa, in kuma ina zancensa da wasu sai in ce "shi". Yaran unguwa da suka ci sunansa duk Mai-sunan-Malam nake kiransu, har suka saba suna amsawa. Shi ma bai taɓa kirana da suna ba. In yana nemana sai ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, ni kuma na san da ni yake. 'Yan matan yanzu in na ba su wannan labari dariya suke yi, su ce to yaya muke hira. Muna yi mana, har ma fiye da tasu.

Ba mu daɗe ba, Allah bai kawo haihuwa ba tukuna, sai niyyar Makka ta shige shi. A zamanin nan da ƙafa talaka ke tafiya gabas. Mutum ya yi tafiya, guzuri ya ƙare, ya tsaya a wata ƙasa ya yi noma ko ƙodago, ya sake ɗaukar sanda. Wasu su dawo da furfura, wasu kuma shi ke nan. Ya bar ni a gidan gadonsu a hannun wansa, wanda ni ma nake kira Yaya. A shekarar farko wani da ya dawo ya ce ya gan shi can gaba da Chadi yana ɗinki a wata kasuwa. Daga wannan ba mu sake jin ko ɗuriyarsa ba.

Zan faɗi gaskiya a kan Yaya, bai bar ni da yunwa ba. Mutum ne mai ɗaurarriyar fuska, maganarsa ba ta wuce biyu, amma duk kaka sai an auna mini gerona, duk Sallah sai an yanko mini zane. Ni da matarsa ko musu ba mu taɓa yi ba. Kullum da safe in share ɗakin Malam, in fitar da buzunsa rana, in mayar da yamma. Haka na yi damina shida. Sa'o'ina da aka kai mu ɗaki shekara ɗaya suna goye da na uku, ni kuwa ba ni a matan aure, ba ni a zawarawa. In aka yi suna a unguwa ni ce a gindin murhu, in dawo ɗaki in yi kukana in wanke fuska. Ina son haihuwa, kuma ina ganin shekarunta suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya.

A damina ta shidan kogi ya yi ambaliya ya cinye gonakin gidan. Wata rana da hantsi Yaya ya tsaya a tsakar gida ya ce da an gama ɗan girbin da ya saura za a yi ƙaura zuwa ƙasar Barno, inda wasu danginsu suka sami ƙasar noma.

Ya dubi wajen ɗakina ya ce, "Ke ma ki fara haɗa kayanki."

Na durƙusa na ce, "Yaya, in ya dawo fa?"

Ya ce, "Za a gaya masa inda muke."

A nan na gane za a ɗauke ni ne tare da turmi da tukwane, a kai ni inda ba ni da kowa, in ci gaba da zaman auren mutumin da ba a san ko yana numfashi ba. In na bi su, babu mai tsaya mini har tsufa ya same ni. Bayan kwana biyu na nemi izinin zuwa ganin gida, aka ba ni.

Da na gaya wa Baffa ina so a kai maganata gaban alƙali a raba auren, sai ya ajiye goron da yake shirin ɓarawa. Ya ce a gidanmu ba a taɓa kai miji ƙara ba, balle mijin da ya tafi ɗakin Allah. Na ce ni ma ba Malam nake ƙara ba, zaman nake ƙara. Inna tana gefe tana kaɗa nono, ba ta ɗaga kai ba, ba ta kuma ce in yi haƙuri ba, wanda a wurinta wannan babbar magana ce. Sai da Baffa ya kwana biyu yana ja kafin ya je ya biya kuɗin sammaci, aka aika Katagum a kira Yaya.

Ranar zaman farko ita ce ranar da na fara shiga zauren shari'a. Alƙali dattijo ne siriri, yana zaune a kan shimfiɗa, littattafai jibge a gefensa. Kusa da shi muhuti, wato malamin da ke rubuta abin da aka yanke, da tawadarsa da alƙalumansa. Dogari na tsaye a bakin ƙofa, maza kuma cike da zauren, kowa da tasa matsalar. Aka nuna mini wani lungu kusa da ƙofa na durƙusa, na ja mayafi. Baffa ne wakilina, shi ya faɗi sunana da na Malam da duk yadda aka yi. Yaya na zaune a ɗaya gefen, ƙurar hanya ba ta ma bar ƙafarsa ba.

Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, ana ba ki ci da sha?"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Sutura fa?"

"Alhamdu lillahi."

"An taɓa dukanki ko zaginki a gidan?"

Na girgiza kai.

"To, mene ne ke damunki?"

Abin da ke damuna yana nan cike da bakina, amma ba irin wanda mace ke faɗa ba ne a zaure cike da maza, ga wan mijinta, ga ƙanin ubanta. Yaya zan ce ina son miji a ɗakina da ɗa a bayana? Na sunkuyar da kai.

Alƙali ya jira, da ya ga ba ni da ta cewa sai ya yi bayani a hankali. Ya ce matar da mijinta ya ɓace, in dai ana ciyar da ita, shari'a ta ɗiba mata shekara huɗu ta jira. Kuma ba daga ranar da ya tafi ake lissafi ba, daga ranar da ta kawo kuka gaban alƙali ne. Wato daga yau. Na raɗa wa Baffa, waɗanda na riga na yi fa? Alƙali ya ji, ya ce, "Waɗannan ladansu na wurin Allah, amma ba sa cikin lissafina."

Har muhuti ya tsoma alƙalami, sai alƙali ya juya wajen Yaya. Ya ce da yawa cikin masu tafiya gabas, masu tsoron Allah daga cikinsu, sukan je gaban alƙalin garinsu su rataya saki kafin su tashi. Mutum ya ce in shekara kaza ta wuce bai dawo ba, matarsa ta saku, don kada ya bar 'yar mutane a ɗaure. Ya ce, "Ƙaninka bai bar irin wannan magana ba?"

Yaya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, an daɗe, ban riƙe ba."

Ta ƙasan mayafi nake kallonsa. Shekara da shekaru na san mutumin nan, in yana magana cikin ido yake kallon mutum. Ran nan kuwa bakin tabarma yake tsinka da farce. Alƙali ya ce in an yi, to yana cikin littattafan alƙalin Katagum. Ya ba mu zuwa bayan Juma'a ta sama. In an kawo wani abu, a duba. In ba a kawo ba, in bi dangin mijina duk inda za su, in fara ƙirga huɗuna.

Da muka fito Baffa ya ce shi kam ya yi iyakar nasa. Ga gyaɗarsa a gona tana jiran cira, ga kunyar da ya sha a gaban surukai, ba zai ƙara da zuwa har garinsu yana tonon littattafai ba. Na ji haushinsa ƙwarai, har na ƙi yi masa sai da safe. Inna ce ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli da garin fura a tsumma, ta ce gobe masu jakuna za su tashi zuwa Katagum, akwai mata a cikinsu.

Tafiyar nan ba zan ce na san yadda na yi ta ba. Abin da na riƙe shi ne kogi. Ruwa bai gama janyewa ba, ja wur da shi, yana tafe da karare da rassa. 'Yan fito suka zuba mu a kwalekwale har bakinsa na shan ruwa, wata tsohuwa na ta salati a kunnena. Ni kuwa ba nutsewa nake tsoro ba. Tsorona kada a tsallake a sami wanda ya san ni a bakin gaɓa, labari ya riga ni isa gida, Yaya ya sa a tsare ni a ɗaki har wa'adin ya wuce. Da muka sauka ban bi ta unguwarmu ba. Na zaga ta bayan gari na sauka wurin wata tsohuwa mai daddawa da muke mutunci, na roƙe ta ta rufa mini asiri.

Washegari da hantsi na lulluɓe har ido na nufi gidan alƙali. Tsohon alƙalin da na sani ya rasu, an kawo wani, malamin da ke riƙe da littattafansa ma baƙo ne, bai san kowa a garin ba. Da farko na yi murna da haka. Na same shi a wani ƙaramin ɗaki a gefen zaure, ga adaka biyu cike da littattafai. Na gaishe shi na faɗi abin da ke tafe da ni, na ce babban alƙali ne ya turo ni daga Azare.

Ya jawo adaka ɗaya ya ce, "To, sunan mijin?"

Sai a lokacin na tuna babu Baffa a kusa. Na ce, "Malam, maɗinki ne, dogo, gidansu na kusa da marina."

"Sunansa na tambaya."

"Ƙanin mai gidan nan ne da ke da tsamiya a ƙofa."

"Shi mai gidan wa ke nan?"

Shi ma wan miji ne, ba na iya faɗa. Malamin ya saki murfin adaka ya ce shi ba duba yake yi ba, da sunan maza ake rubuta littafin nan, in ba zan faɗa ba in je in zo da wanda zai faɗa. To wa zan kira? Duk wanda na kira a garin nan, kafin azahar maganar ta isa kunnen Yaya. Na buɗe baki da niyyar in faɗa, wallahi na buɗe, amma harshena ya ƙi. Hawaye suka zubo, na ji kunyar su ma.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi ɗan murmushi ya ce, "Haka tsohuwata take. Har yau in za ta kira ƙanena mai sunan babanmu sai ta aiki wani." Ya tambaye ni damina nawa da tafiyar, na faɗa. Ya zaro littafin wannan shekarar ya ce zai riƙa karanta sunaye, in ya zo kan nawa in yi masa alama.

Haka na zauna ina sauraron mutuwar auren mutane. Wasu na san su, har da wadda na yi wa rakiya ranar da aka kai ta ɗaki. Yana karantawa yana lasar yatsa yana juya takarda, ni kuwa idona na kan sauran da suka rage, suna ta raguwa. Sau ɗaya ya ambaci sunan, amma sunan uban ba shi ba ne, wani mahauci ne na bakin kasuwa. Na girgiza kai. Duk wanda ya gifta ta ƙofar ɗakin sai in ƙara dunƙulewa. Aka kira azahar, malamin ya dubi ƙofa ya ce zai ƙarasa wannan shafin ya tashi, sauran sai wani lokaci. Bai kai ƙarshen shafin ba ya faɗi sunan Malam da na mahaifinsa. Na ja mayafi na rufe fuskata gaba ɗaya.

Ya ce, "To, ga shi." Ya karanta mini. Wane ɗan wane ya zo gaban alƙali da shaidu biyu, ya ce zai tafi gabas, in damina uku ta wuce bai dawo ba, iyalinsa ta saku saki ɗaya.

Na ce, "Sunana fa, Malam?"

Ya sake dubawa ya ce, "Babu. Iyalinsa kawai aka rubuta. Da alama shi ma irinki ne."

A nan kuka ya ƙwace mini sosai. Ashe Malam ya yi tunanina. Ya zo har ɗakin nan don kada ya bar ni a ɗaure, aka tambaye shi sunan matarsa, shi ma ya kasa faɗa. Ban taɓa jin sonsa kamar wannan lokaci ba, ina riƙe da hujjar rabuwa da shi. Malamin ya kwafe maganar a wata takarda, bayan salla alƙalinsu ya buga hatimi. Na naɗe ta a tsumma na sa a ƙwarya na rufe da faifai, a ka na ɗauke ta har na sake tsallake kogi. Na iso Azare ana gobe zama, ƙafafuna sun kumbura ba sa shiga takalmi.

Ranar zama na biyu Inna ta ce za ta raka ni. Ba ta shiga ba, ta zauna a waje jikin bango dab da ƙofa, daga inda nake durƙushe ina ganin ƙafafunta da bakin zanenta. Baffa ya miƙa takarda, muhuti ya karanta da ƙarfi. Na ɗauka magana ta ƙare.

Alƙali ya ce da Yaya, "Ka ji. Me ka ce?"

Yaya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, sunan nan rabin mazan Katagum ke amsa shi, na uban ma haka. Ba a faɗi sana'a ba, ba a faɗi unguwa ba, ba a faɗi sunan matar ba. Ta yaya aka san ƙanina ne?"

Zauren ya ɗauki ƙus-ƙus, na ji wani a bayana yana cewa ai kuwa yana da gaskiya. Alƙali ya karɓi takardar ya duba da kansa, ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce takarda ta kawo magana rabi, sauran rabin yana wuyan mai ƙara. In na tabbata mijina ne wannan, in faɗi da'awata da bakina, in ambaci sunana da nasa da na mahaifinsa, sannan a kai ni in yi alwala in dafa Alƙur'ani. In ba zan iya ba, hukuncin farko na nan.

Baffa ya yi gyaran murya ya fara, "Sunan mijin nata dai..."

Alƙali ya ɗaga hannu. "Kai ka yi naka. Ba a rantsuwa da bakin wani." Ya juyo gare ni. "Muna jin ki, baiwar Allah."

Na faɗi sunana, da ƙyar aka ji. Ya ce, "Matar wa?"

Na ce, "Shi ne, Allah ya gafarta Malam. Wanda aka karanta."

Ya ce, "Ba a yanke hukunci a kan shi. Shi wa?"

Ga Baffa a damana, ga Yaya a gabana, ga Inna a bayan bango, matar da ta shekara talatin ba ta bari sunan nata mijin ya taɓa harshenta ba. Kuma ba kunya kaɗai ba ce, yanzu da na tsufa na gane. Sunan nan shi ne abu ɗaya na Malam da na adana ban taɓa taɓawa ba. Ina ji a raina in na fitar da shi a bainar jama'a, na sallame shi ke nan, ko yana raye ko ba ya raye.

Alƙali ya ce akwai mutane na jira. Na ga muhuti ya tsoma alƙalami a tawada ya kakkaɓe. Na waiwaya wajen ƙofa, ban san me nake nema ba. Sai na ga ƙafafun Inna sun motsa. Ta miƙe, ta gyara zane, ta taka a hankali ta bar jikin bangon, ta nufi can gindin wata bishiya inda ko ihu aka yi ba za ta ji ba. Ba ta leƙo ba, ba ta ce mini komai ba. Na gane ta ba ni wuri ne.

Na faɗa. Na ambaci sunan Malam da na mahaifinsa, na ce ni ce matarsa, ni ce iyalin da ya ce. Na yi niyyar in faɗa a hankali, amma ya fito da ƙarfi har dogari ya waiwayo. Wani iri na ji shi a bakina, kamar na tauna abin da ban taɓa ci ba. Baffa ya sunkuyar da kai ƙasa.

Alƙali ya ce dogari ya kai ni in yi alwala. Na yunƙura zan tashi ke nan sai na ji muryar Yaya, ba irin wadda na sani ba.

"Kada a kai ta. Kada ta rantse."

Na dube shi, karo na farko ido da ido tun da na shiga gidansu. Hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ƙanina ne. Ni ne ɗaya daga cikin shaidun, ɗayan limamin unguwarmu ne, ya rasu. A gabana ya faɗa."

Alƙali ya ce, "Me ya sa ka ɓoye?"

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mu biyu uwarmu ta haifa. Tun da labarinsa ya yanke ba wanda ya sake kiran sunan nan a gidanmu, sai yau da na ji shi a bakinta. Kullum na fito da safe na ga ta share ɗakinsa ta shanya buzunsa, sai in ce yana nan tafe. In ta tafi, ɗakin ya zama na ajiyar hatsi, shi ke nan ya mutu."

Alƙali ya yi masa faɗa mai zafi a kan ɓoye shaida, ya ce ya je ya nemi gafarar Allah da tawa. Sannan ya juyo ya ce aurena ya ƙare tun ƙarshen damina ta uku, idda ma ta daɗe da wucewa. Ya ce, "Shekara uku ke nan ba igiyar kowa a kanki." Muhuti ya rubuta mini takardar shaida, Baffa ya karɓa.

Mutane sun ɗauka zan yi murna. Ni kuwa lissafi nake yi. Shekara uku ina share ɗakin mutumin da ya riga ya sallame ni, wanda ya sani kuma yana wucewa ta gabana kullum yana amsa gaisuwata. Da muka fito Yaya ya biyo ni har gindin bishiyar da Inna take, ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "Ki yafe ni." Kada in yi muku ƙarya, ban yafe ba a ranar. Na durƙusa kamar yadda na saba na ce, "Yaya, a sauka lafiya." Sai da na yi wani auren, na goya ɗana na fari, na san yadda ake ƙin sakin abin da ake so, sannan na aika masa da saƙon yafiya can ƙasar Barno. Malam kuwa ba a sake jin labarinsa ba, Allah ya jiƙansa in ya riga mu, ya kuma saka masa da abin da ya yi mini.

A hanyarmu ta komawa gida Inna ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, kuma har ta bar duniya ba mu taɓa tayar da maganar ba. Abin da kawai ta ce shi ne in mun isa in jiƙa ƙafafuna a ruwan ɗumi.

Ban zubar da kunya ba saboda wannan rana, da ita na tarbiyyantar da 'ya'yana mata, kuma ban yi nadama ba. Amma kowacce ranar da za a kai ta ɗaki nakan zaunar da ita in gaya mata abin da zauren nan ya koya mini. Ba wanda ya ƙi ni a cikin mutanen nan. Malam ya so ni, Yaya ya ciyar da ni, Baffa ya tsaya mini iyakar ƙarfinsa, amma duk da haka shekaruna suna ta zuba, kowa ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Akwai maganar da duk dangi za su iya faɗa miki, akwai kuma wadda in ba ki buɗe baki kin faɗa da kanki ba, haka za ki tsufa kina jiran wani ya faɗa.